Jinjina ga Masu Ɗaukar Hoton Kai

Ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, ya faɗi kusa da kasuwar Hédzranawoé, ya tashi ya kakkaɓe riga, da dare sai amai. Dattijo ya bugi ƙofa da kai, bayan makonni ya fara ruɗewa, dangi su ce tsufa ne. Alhali jijiya ce ta tsinke, jini na taruwa a kan ƙwaƙwalwa.

Jinjina gare ku, ma'aikatan na'urar sikana na asibitin Sylvanus Olympio. Ku ke lallashin majinyaci ya kwanta tsit. Sabon jini fari yake fitowa kamar jinjirin wata, amma na mako biyu yakan saje da launin ƙwaƙwalwa, sai gogaggen idonku. Hotonku ke nuna wa likitan tiyata inda zai huda.