Praat da Audacity a binciken karin sautin Hausa: ƴan tsokaci

A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba manhajoji biyu na kyauta da ɗalibanmu ke dogara da su wajen nazarin furuci. Ta farko ita ce Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙiro a Jami'ar Amsterdam. Ta biyu Audacity, wadda ta fito a shekarar 2000. Dukansu buɗaɗɗu ne, wato kowa na iya duba yadda aka gina su. Ga sashe marar kuɗi irin namu, alfanun a fili yake. Tambayarmu ita ce: ina iyakar amincinsu?

Mu fara da Praat. Wajen auna tsawon wasali, kamar tsakanin gàrii da gàarii, ba mu da ƙorafi. Matsalar tana ga karin sauti. Haɗiyau ɓ da ɗ sukan sa murya ta yi ƙara-ƙara, bugun tantanin maƙwallato ya rasa daidaito. A nan manhajar kan raba adadin biyu: muryar da ke kan 110 Hz sai ta nuna 55. Ɗalibin da ya amince da zanen kawai zai rubuta karin ƙasa inda kunne ya ji na sama. Bugu da ƙari, a 2023 Praat ta shigo da sabuwar hanyar lissafin kaifin murya. Saboda haka, adadin da aka bayar ba tare da ambaton sigar manhaja ba, kwatanta shi da na wani yana da wuya.

Ita kuwa Audacity, haɗarinta na cikin sauƙinta. Dabararta ta rage hayaniya na kawar da ƙugin janareto, amma takan tafi da wani ɓangare na zuzau s da sh, ta kuma dusashe fashewar tunzurau ƙ da ts. Sautin ya yi daɗin ji, hujjar ta lalace.

A ganinmu, laifin bai tsaya ga manhajojin ba; ya shafi tarbiyyar mai bincike. Muna ba da shawara huɗu: a naɗi murya a tsarin WAV, a adana asalin ba tare da taɓawa ba, a ambaci siga da ma'aunan da aka zaɓa, a tantance kowane zane da kunnen mai harshe. Wanda bai rarrabe kuukaa da kuukàa da kunnensa ba, bai kamata ya nemi na'ura ta yanke masa hukunci ba.