test-run.sh na Bubblewrap: Kai, Wannan Gwaji Ya Yi!

Jama'ar Linux, ku ba ni fili in yi yabo, don abin ya daɗe yana cina. Duk wanda ya tashi yabon Bubblewrap sai ya tsaya kan bwrap ɗin kansa, wannan ɗan ƙaramin umarni mara nauyi, mara surutu, mara girman kai, wanda zai ɗauki manhaja ya killace ta a wani ɗan fili nata ita kaɗai, ta ga abin da ka yarda ta gani, sauran kwamfutar kuwa ko ƙyallinta. To, ya cancanta. Amma ni yau ba shi na zo wa ba. Foldar tests na zo wa, musamman fayil ɗin nan test-run.sh kamar yadda yake a siga ta 0.11.0 ta shekarar 2024, wanda a ganina yana cikin rubutun shel mafi daɗin karatu da ke yawo a duniyar manhaja ta kyauta. Na faɗa, kuma ba zan janye ba.

Kun dai san asalin abin. A 2016 Alexander Larsson na Red Hat ya ciro shi daga cikin xdg-app, wanda daga baya ya koma Flatpak, shi kuma wancan ɓangaren tushensa linux-user-chroot na Colin Walters ne. Simon McVittie na Collabora ya zo ya zuba masa aiki mai yawa. Yau duk manhajar Flatpak da ka buɗe, bwrap ne ke riƙe da shingenta. Shi ne a ƙarƙashin pressure-vessel da Steam ke tada wasanni da shi a Linux, WebKitGTK na killace shafukan intanet da shi, GNOME na sa shi tsare masu haɗa 'yan ƙananan hotunan fayil, opam na mutanen OCaml ma da shi yake gina fakiti. Kenan in wannan ɗan kod na C ya yi yoyo, gidaje da yawa ne za su jiƙe. Kuma wa aka ba amanar tabbatar da cewa bai yi ba? Bash. Tsohon Bash ɗinmu na 1989!

Abin da ya fara sace mini zuciya shi ne yadda gwajin ya fahimci irin aikin da ke gabansa. Gwajin manhaja na yau da kullum tambayarsa ɗaya ce: abu ya yi aiki? Gwajin sanbos kuwa dole ya riƙa tambayar kishiyar wannan: an hana ni? Mai haɗa kwado ne da ya gama aikinsa, ya kulle ƙofa, ya koma waje da guduma, kuma ba zai yi murna ba sai ƙofar ta ƙi buɗuwa. Ku duba wurin /etc/shadow. Sikirif ɗin zai ɗauko fayil ɗin da ke ajiye sirrin kalmomin shiga, ya ɗaura shi a /tmp/foo da --bind, sannan ya ce wa cat ta karanto. In cat ta karanta, an faɗi jarrabawa, assert_not_reached ya daka tsawa, komai ya tsaya. In an kore ta da hannu biyu, sai a buga ok a wuce. Layi uku ko huɗu, babu wata kwana. Daɗi!

Amma wanda ya fi wannan wayo, wanda nake komawa in sake karantawa ina murmushi ni kaɗai, shi ne na /root/.bashrc. Ku lura da zaɓin fayil ɗin. Ana neman fayil wanda shi kansa kowa zai iya karantawa, amma yana zaune a cikin foldar da talaka ba shi da izinin shiga. Me ya sa? Saboda an gina bwrap ya iya aiki ta hanyar setuid a injinan da ba su bar kowa ya buɗe nemsifes na mai amfani ba, kuma a wannan yanayi yana riƙe da wani ɓangare na ikon rut a lokacin da yake shirya maunt. In ya yi sakaci ya bi hanyar fayil ɗin da wannan iko maimakon ikon wanda ya kira shi, zai tsallake ƙofar /root ya miƙo maka abin da ba naka ba, kuma izinin fayil ɗin ba zai cece shi ba tunda a buɗe yake. Wanda ya rubuta wannan gwaji ya zauna ya yi tunani irin na ɓarawo, tunani mai zurfi, mai natsuwa, mai sanin inda katanga ta fi gajarta, sannan ya rubuta shi a layin shel da ɗan shekara ɗaya a Linux zai gane. Allah ya ƙara basira.

Kuma ba sau ɗaya ake yi ba. Akwai wani madauki na for a kusa da farkon fayil ɗin da ke maimaita waɗannan gwaje-gwaje sau huɗu: ba tare da ƙarin zaɓi ba, da --unshare-user-try, da --unshare-pid, sannan da su biyun a haɗe. Domin kwaro ya fi son ɓuya a inda zaɓi biyu suka gamu, wurin da kowa ya ɗauka wani ya duba.

Sai maganar RUN. A libtest.sh an ajiye wani canji mai suna RUN wanda ba kome ba ne illa bwrap da --bind / / da --tmpfs /tmp, wato a ɗauro duk injin yadda yake, a ba shi sabon /tmp mara komai. Kusan kowane gwaji da shi yake farawa, sai a ƙara zaɓin da ake son gwadawa da umarnin da zai tona asiri. Ana son a san --as-pid-1 na aiki? A sa bash ya buga lambar furoses ɗinsa, a duba ko 1 ce. Ana son a san --perms ya sa izinin da aka ce? A kira stat a karanta lambar. Ana son a san saƙon kuskure na fitowa da sunan bwrap a gaba? A ba shi hanyar fayil da babu ita, a kama abin da ya faɗa a err.txt, assert_file_has_content ya duba. Amfanin wannan, 'yan uwa, shi ne kowane layi umarni ne na gaske da za ka iya kwafa ka manna a taminal ɗinka ka ga abin da idonka. Babu wani firemwok mai hawa bakwai tsakaninka da abin da ake gwadawa. Shafin man na bwrap yana da kyau, ban raina shi ba, amma wanda ke son ya koyi yadda ake haɗa zaɓuɓɓukan nan a aikace, test-run.sh ne malaminsa. Gani ya kori ji.

Yanzu ga gwanina, wanda in an ce in zaɓi ɗaya tak shi zan ɗauka: gwajin --die-with-parent. Alƙawarin wannan zaɓi shi ne in uban da ya tada bwrap ya mutu, duk abin da ke cikin shingen ya bi shi, kada a bar marayun furoses suna yawo a inji. To ta yaya za ka tabbatar daga waje cewa abu ya mutu, alhali mai yiwuwa yana cikin nasa nemsifes na PID inda lambobinsa ba naka ba ne? Ga dabarar. A tada wani bash a bayan fage, shi kuma ya tada bwrap da --lock-file, a ciki a sa sleep na awa guda cur. Muddin shingen na raye, makullin fayil ɗin na riƙe. Sai sikirif ɗin ya jira har ya ga an kama makullin, ya ɗauko kill -9 ya sauke wa uban ba sallama, sannan ya je ya nemi makullin da kansa. In ya samu, kowa ya mutu, alƙawari ya cika. In ba haka ba, zai tsaya yana jira, kuma kowa zai san akwai matsala. Ba a tambayi bwrap ko ya yi aikinsa ba, kanal ɗin Linux aka sa ya ba da shaida, shi da ba ya ƙarya a kan makulli. Kyakkyawa, taƙaitacciya, mai kaifi, mara almubazzaranci. Wallahi ko a nan aka tsaya an biya ni.

A nan ɗin dai zan yi ɗan ƙorafi. Jiran makullin da madauki ake yinsa, a duba, a yi barcin daƙiƙa ɗaya, a sake dubawa, har sau goma. A inji mai nauyin jiki irin wannan jira kan iya zama abin haushi, kuma su kansu marubutan sun amsa a cikin sharhin kod ɗin cewa dabarar ta ɗan yi karkata. Kuma ɗan abin da ke duba makullin ma ba shel ba ne, guntun Python ne mai suna lockf-n.py da sikirif ɗin ke rubutawa da kansa yana cikin tafiya. Na so a ce shel ne zalla don in yi ta cika baki. Amma gaskiya ta fi: inda shel ya gaza, ba su tilasta masa ba. Gwajin seccomp gaba ɗaya a Python yake, test-seccomp.py, da wani ɗan mataimaki na C mai suna try-syscall da ke kiran kanal kai tsaye. Sanin iyaka ma gwaninta ce.

Ban manta da gwajin shinge cikin shinge ba, inda bwrap ke tada wani bwrap a cikinsa a ga ko /proc zai ɗauru kuma ko za a iya sauya tushen fayiloli karo na biyu. Da --disable-userns ya shigo a siga ta 0.8.0, sai aka sami kishiyarsa: a shiga ciki a nemi buɗe sabon nemsifes, a yi fatan a sha kashi.

Sakamakon kuma da TAP yake fita, tsarin nan da ya taso tare da Perl tun 1987: ok da lamba da ɗan bayani, layi bayan layi. Mutum na karantawa, inji na karantawa, Meson na karantawa, wanda ya shigo a siga ta 0.6.0 kafin a sallami Autotools gaba ɗaya a 0.11.0. A da, jimillar gwaje-gwajen da hannu ake rubuta ta a saman fayil, duk wanda ya ƙara gwaji sai ya tuna ya ƙara lambar. Yanzu sikirif ɗin ke ƙirga kayansa ya faɗi jimilla a ƙarshe. Ƙaramin gyara, babban sauƙi. Ga kuma libtest-core.sh da aka aro daga OSTree, wanda ke daidaita LC_ALL tun kafin a fara, don kada injin da aka saita da Faransanci ya fitar da saƙon kuskure da grep ba zai gane ba. Irin wannan kula ba ta zuwa sai daga mutanen da abin ya taɓa cizo.

Babban ƙorafina, kuma a lokaci guda babban abin yabona, shi ne tsallake gwaji. Sanbos ya dogara da abin da kanal ya yarda da shi. Nemsifes na mai amfani ya kammala a Linux 3.8 a 2013, amma har yau ba kowane inji ke barin kowa ya taɓa shi ba: Ubuntu 24.04 ta taƙaita shi da AppArmor, kwantenar Docker ta yau da kullum ma ba ta bari. Saboda haka libtest.sh kan fara gwada RUN da umarnin true, in ko wannan bai tashi ba sai ya ce ya tsallake, ya tafi abinsa. Haka in kai rut ne, gwajin /root/.bashrc ba shi da ma'ana, sai a buga SKIP. In babu maunt na FUSE, SKIP. Gaskiya ce tsagwaronta, a nan ba ya cewa ya gwada abin da bai gwada ba. Sai dai malalaci zai hango babu ja a allo ya tafi ya kwanta, alhali ko gwaji ɗaya ba a yi ba. Maganin na nan a ciki: saita BWRAP_MUST_WORK, sai tsallakewar farkon nan ta koma faɗuwa mai ƙara. Duk mai CI da bai saita wannan ba, yaudarar kansa yake yi.

Sai set -xeuo pipefail da ke saman fayil. Ina ƙaunar e da u da pipefail, su ne ke hana kuskure wucewa shiru. Amma x ɗin nan, wayyo! Log ya cika da layuka masu alamar tarawa har ido ya yi ruwa kafin ka gano inda abu ya karye. Ranar da gwaji ya faɗi a injin da ba ka iya shiga kuwa, wannan surutun ne kaɗai abokinka, don haka na haƙura.

Kada wani ya ce na ce gwajin nan ya toshe kowace kafa. A 2017 an gano CVE-2017-5226, inda manhajar da ke cikin shinge ke cusa haruffa a taminal ɗin waje ta hanyar TIOCSTI, abin da ya kawo --new-session. A 2024 wata kafa a Flatpak ta sa aka ƙaro --bind-fd a siga ta 0.10.0. Mutane ne suka gano su da tunaninsu. Aikin test-run.sh shi ne ya tsare alƙawuran da aka riga aka ɗauka, kada gyaran gobe ya karya na jiya, kuma yana yin wannan aiki cikin harshen da duk mai taminal ke ji, ta yadda ƙara sabon gwaji bai fi layi biyar ba.

Don haka ku sauko da kod ɗin, ku yi meson setup, ku gina, ku buga meson test da -v a matsayin mai amfani na yau da kullum, ba rut ba, ku ƙirga SKIP nawa kuka samu. Sannan ku buɗe test-run.sh ku karanta shi daga sama har ƙasa. Duk mai rubuta wani abu da ke killace furoses, ko da ɗan sikirif ne na cikin gida, ya je ya ga yadda ake gwada shinge kafin ya ce nasa ya tsaru.