Gishiri a Ruwa: Jumla Ɗaya, Malamai Uku

Babi na shida na littafin Chandogya Upanishad hira ce tsakanin uba da ɗa. Shwetaketu ya tafi karatu yana ɗan shekara 12, ya dawo yana da 24, ya haddace littattafan Veda, yana hura hanci. Ubansa, Uddalaka, ya tambaye shi ko malamansa sun koya masa abu gudan nan da idan an san shi an san komai. Yaro ya ce bai taɓa jin labarinsa ba. Sai uban ya zaunar da shi.

Littafin na cikin tsofaffin nassosin addinin Hindu, masana na kai shi wajen ƙarni na 7 ko na 6 kafin haihuwar Annabi Isa. Yawancinmu ta fina-finan Indiya muka san wannan addini: gunki, ƙararrawa, furanni, jan ɗigo a goshi. Babu ko ɗaya daga cikinsu a wannan babi. Maganar uban a kan asalin samuwa take, wato abin da ya ce komai daga gare shi ya fito, kuma yana nan cikin komai ko da ido bai gan shi ba.

Da misalai yake koyarwa. Ya sa ɗan ya fasa ɗan itacen wata bishiya mai kama da ceɗiya, ya fasa ƙwayar da ke ciki, ya faɗi abin da ya gani. Yaro ya ce bai ga komai ba. Uban ya ce daga abin da bai gani ɗin ba ƙatuwar bishiyar ta tashi. Sannan ya sa shi ya jefa gishiri a ruwa ya dawo da safe. Da gari ya waye ya ce ya ɗauko masa gishirin. Yaro ya laluba bai samu ba. Ya sa shi ya kurɓa daga gefe, daga tsakiya, daga ɗaya gefen, ko'ina da gishiri. Sau tara uban yana rufe misali da amshi iri ɗaya, wanda ke ƙarewa da kalmomi uku na harshen Sanskrit. Fassarar da ta fi yaɗuwa ita ce uban yana gaya wa ɗansa cewa shi ma wancan asalin ne.

Wannan fassara ta Shankara ce, malamin ƙarni na 8 daga kudancin Indiya. A wurinsa ran mutum da Brahman, wato gaskiyar ƙarshe a fahimtarsu, abu ɗaya ne, bambancin da muke gani jahilci ne ya haifar da shi. Mabiyansa kan ba da misali da mutumin da ka gani a wani gari shekarun baya, yau kuma ka gan shi a wani garin. Ka cire gari, ka cire lokaci, mutum ɗaya zai rage. Tun bayan da Vivekananda ya yi jawabi a Chicago a 1893 wannan mazhaba ta fi sauran amo a wajen Indiya, har ta kai duk wanda ya bincika a wayarsa yau yakan ɗauka abin da nassin ya faɗa ke nan kai tsaye. Alhali tafsiri ne guda cikin tafsirai, kuma miliyoyin Hindu ba su yarda da shi ba.

Dalilin ƙin yardar ba ƙarami ba ne. Idan mai bauta da abin bauta abu ɗaya ne, wa ake roƙo, wa ke amsawa? Ramanuja, wanda ya koyar a Srirangam a ƙarni na 11 zuwa na 12, ya ce duniya da rayuka kamar jiki suke ga Ubangiji, shi ne ran da ke tafiyar da su daga ciki. Idan ka kira sunan mutum, jikinsa kake kallo amma mai jikin kake nufi. Don haka kalmar da uban ya nuna ɗansa da ita tana zarcewa har zuwa wanda ke zaune a cikin ɗan, ba tare da ɗan ya ɓace ba.

Madhwa na garin Udupi, a ƙarni na 13, shi ne ya yi abin da ya fi ɗaukar hankalina, domin ya taɓa rubutun kansa. A Sanskrit, idan kalma ta ƙare da dogon wasalin "a", ta gaba kuma ta fara da gajeren "a", sai su narke su zama ɗaya. Gajeren "a" a farkon kalma kuwa shi ne harafin korewa. Kalmar da ta gabaci jumlar nan da dogon "a" ta ƙare. Sai Madhwa ya ce akwai korewa da ta ɓuya a mahaɗar, abin da uban ke cewa shi ne ɗansa ba wancan ba ne. Sauti ɗaya, ma'ana biyu masu kishiyantar juna. Duk wanda ya taɓa samun saƙon waya da aka rubuta "bashi" alhali "ba shi" ake nufi ya san irin wannan rikici. Mu masu rubuta manhaja, idan umarni yana iya karantuwa ta fuska biyu, ƙa'ida muke kafawa tun farko da za ta zaɓi ɗaya. Nassin bai zo da tasa ƙa'idar ba, kowane mai tafsiri da tasa ya shigo.

A ganina wannan yanka na Madhwa akwai tilas a cikinsa. Nahawu ya halatta shi, amma uba mai son ya kore abu har sau tara ba zai ɓoye korewar a inda kunne ba zai ji ta ba. Sai dai hujjar da mazhabarsa ke kawowa daga labarin kansa tana da ƙarfi: yaron nan da girman kai ya dawo, ta yaya maganin girman kai zai zama a ce masa shi ne Ubangiji? Kuma misalan ba duka suke bayan Shankara ba. Tukwanen da duk yumɓu ne, da kogunan da ke shiga teku su manta sunayensu, waɗannan nasa ne. Amma akwai tsuntsun da aka ɗaure da zare, ya yi ta tashi ko'ina ya gaji ya dawo ya sauka a maɗaurinsa. Tsuntsu ba turke ba ne. Gishiri ma bai zama ruwa ba, ya dai game ruwan ne, babu inda za ka kurɓa ka rasa shi, babu kuma inda za ka nuna ka ce ga shi nan. Wannan ya fi kusa da maganar Ramanuja, kuma shi ne misalin da uban ya sa ɗansa ya gwada da harshensa.

A 1986 wani masanin Sanskrit ɗan Amurka, Joel Brereton, ya ƙara dagula lissafin. Ya nuna cewa bisa nahawun zamanin da aka tsara littafin, da "wancan" ake nufi, da kalmar ta ɗauki jinsin namiji don ta dace da wanda ake wa magana. Tunda ba ta ɗauka ba, ma'anarta ta fi kusa da "haka nan". Patrick Olivelle ya bi wannan ra'ayi a fassararsa ta Turanci ta 1996. Idan haka ne, uban bai ce ɗansa shi ne asalin ba, bai kuma ce ba shi ba ne. Abin da ya gaya masa shi ne yadda bishiyar nan take tsaye a kan abin da ido bai gani ba a cikin ƙwayarta, haka shi ma yake tsaye da dukan Vedar da ya haddace.