Fassara Ce Ko Baddala? Waiwaye Kan Gandun Dabbobi

Akwai wasu kalmomi biyu na Turanci da suka daɗe suna rikita ɗalibanmu, wato adopt da adapt, alhali harafi ɗaya tak ya raba su. Ta farko ɗaukar abu ce yadda yake a mayar da shi na gida. Ta biyu kuwa sai an taɓa abin, an rage nan an ƙara can, har ya dace da inda aka kawo shi. Abin takaici shi ne, da yawa daga cikin marubutanmu masu tasowa idan suka zo Hausa sai su tattara komai su ce "canji", wadda ita kanta aro ce daga Turancin.

Manomin Mahuta ba ya wannan kuskure. In ya bar auduga ya koma masara, ya sauya shuka. In ya sa garma, ya juya ƙasa. In kuwa ya ciro tumatir daga inda ya yafa iri ya kai shi fadama, dashe ya yi, kuma ya san sai tsiron ya yi yaushi kafin ya kama. Wannan dashen shi ne abin da manazarta suke kira baddala.

Don mu ga inda bambancin yake, mu ɗauki Gandun Dabbobi na Bala Abdullahi Funtuwa, wanda ya fito a 1975 daga littafin George Orwell na 1945. Kowa fassara yake kiransa. A nawa ganin, ya wuce nan. Tun daga sunan littafin za a gane. Malamin bai ce "gona" ba, sai ya ce "gandu". Duk wanda ya tashi tsakanin Funtuwa da Malumfashi ya san gandu shi ne inda 'ya'ya da ƙanne suke noma a ƙarƙashin maigida, amfani ya shiga rumbun da shi kaɗai ke da ikon buɗewa, kowa ya koma ya lallaɓa 'yar gayaunarsa. A da can ma, har bayi aka sa suka nome gandayen sarakuna. Ashe kalmar ta ɗauko tambayar da littafin ya ginu a kanta: wa ya yi guminsa, wa ya ci? "Gona" ba za ta iya ɗaukar wannan kaya ba. Haka kuma mai gonar ya zama Nomau, dokin nan mai aikin ƙarfi ya zama Akawal, shugaban da ya murƙushe sauran ya zama Maitumbi, sunan da tun kafin ya yi komai mai karatu ya san inda ya dosa.

Sai dai fa aladun suna nan, ba a taɓa su ba, duk da cewa ba dabbar da aka saba gani ba ce a mafi yawan gidajen manomanmu. Wasu na ganin wannan kasawa ce. Ni ban yarda ba. Da an mayar da su tumaki ko awaki, da ƙyamar da ake so mai karatu ya ji ta tafi, da juyin-juya-halin Rasha na 1917 da Orwell yake wa habaici ya zama tatsuniyar gizo. Mai dashe ba ya tsinke saiwa.

Alhaji Abubakar Imam ya fi haka nisa a Magana Jari Ce, domin labaran da ya ɗebo daga Alfu Laila da na Grimm na Jamus sun rikiɗa har ba ka jin warin baƙunci a jikinsu.

To, ina muka bar ɗan'uwanmu da zai kalli fim ɗin Indiya, ya mayar da Raju ya zama Rabi'u, Bombai ta zama Kano, amma saurayi da budurwa na nan suna tsalle a cikin furanni? Wannan bai fassara ba, domin bai riƙe amanar mai abin ba. Bai baddala ba, domin ba abin da ya kama ƙasa. Suna kawai ya sauya, sa'annan ya rubuta a bango cewa shi ya ƙirƙira. Bala Funtuwa kuwa bai taɓa ɓoye cewa irin na Orwell ne ba.