TEC1-12706: Ɗan Farantin Da Ya Sace Mini Zuciya

Duk wanda bai taɓa ɗora TEC1-12706 a tafin hannunsa ba, wallahi an bar shi a baya. Ɗan farin faranti ne, santimita 4 kowane gefe, da wayoyi biyu, ja da baƙa. Ka jona shi da batirin volt 12, kafin ka ƙirga goma fuska ɗaya ta yi sanyi ƙarara, ɗayar ta ɗau zafi. Ka sauya wayoyin, fuskokin su yi musaya. Ba kwamfireso, ba gas, ba ƙugi! A nan Damba, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, wutar lantarki kuma sai ta ga dama, ai dole a yi masa kirari.

Ilimin ya kwana biyu. Seebeck ya gano a 1821 cewa bambancin zafi na haifar da lantarki, Peltier na Faransa ya gano akasin haka a 1834, sai Goldsmid ya nuna a 1954 cewa haɗin bismut da teluriyam ne gwanin wannan aiki.

Abin da ya fi tsuma ni yana ciki. Tsakanin fuskokin biyu akwai 'yan ginshiƙai tagwaye har 127, an sarƙa su a jere, kuma da a ce ƙwayoyin zarrarsu sun zauna daram yadda littafi ya tsara, da farantin bai tsinana komai ba. Wurin narkawa da daskarewa, wasu ƙwayoyin bismut kan je su zauna a mazaunin teluriyam, sai a sami giɓin ilektiron, giɓin nan kuma shi ke ɗaukar lantarki. Wannan shi ne nau'in p. Idan aka ƙara teluriyam ko ɗan aidin, ilektiron su yi rara, a sami nau'in n. Da wuta ta ratsa, kowane ginshiƙi ya kwashi zafi ya kai shi gefe guda. Kai, wannan hikima!

Ba su tsaya nan ba. Da gangan ake cusa antimoni a nau'in p, seleniyam a nau'in n, don a hargitsa jerin. Zafi girgiza ce mai bin ƙwayoyin zarra, da ta ci karo da baƙuwa sai ta watse, ilektiron kuwa galibi su wuce abinsu, kamar shinge a hanyar Tsafe: tirela ta tsaya, mai babur ya ratsa. Amma fa a kan gwargwado, don aibin in ya yi yawa lantarkin ma tsayawa yake yi.

Masu kushe za su ce yana shan wuta, ampiya 5 zuwa 6, kuma firijin kwamfireso ya fi shi tattali. Gaskiyarsu. Ba zai daskarar da ƙanƙarar sayarwa da azumi ba, kuma in ba ka manna masa aluminiyam mai haƙora da fanka a bayansa ba, ƙonewa zai yi. To sai me? Danginsa na silikon da jamaniyam ne ke ba kumbon Voyager wuta tun 1977 har yau.

Ɗaliban fiziks na Jami'ar Tarayya ta Gusau, da ku masu haɗa sola, ku nemi ɗaya. Ku ɗora fuskarsa a gefen butar shayi mai zafi, ku sa ƙarfe mai sanyi a ɗaya fuskar, ku jona mita, ku ga lamba tana hawa.