Gwandara: Ƙanwar Hausa Ce Ko 'Yarta?

A cikin rabon harsunan Cadi da Paul Newman ya buga a 1977, an keɓe wani ɗan ƙaramin gida a reshen yamma wanda mazaunansa biyu ne kurum, watau Hausa da Gwandara. Haka malamai su ke zana shi a allo, layi biyu daga tushe guda, har ɗalibi ya ɗauka ciki ɗaya suka fito. A nan na ke da ja.

Dangantakar Hausa da sauran harsunan Cadi ba abin musu ba ce. Greenberg ya tsai da ita a 1950, Newman da Roxana Ma suka ƙarfafa ta a 1966 da dokokin sauyin sauti. Lalle dokokin nan su ne gishirin aikin, gama da Greenberg ya gwada tara harsunan Papuwa gida ɗaya a 1971 bisa kamannin kalmomi, galibin masana ba su karɓa ba.

To, Gwandara, wadda a ke yi a wajajen Karshi da Keffi, wace hujja ta mai da ita ƙanwa? Kalmomin da Shuji Matsushita ya tattara a 1972 da 1974 yawancinsu Bahaushe zai shaida su. Nahawunta kuwa ya zubar da bambancin namiji da tamace, kamar yadda Hausa ta kan yi a bakin waɗanda suka koye ta da girma. Shi kansa Newman tsatson Hausa ya ɗauke ta, saboda haka laifin na zanen ne. Labarin cewa sun bar Kano suna cewa gwanda rawa da salla yana da daɗin ji, amma ba na kafa hujja da shi.

Ga ma'aunin da na fi amincewa da shi. A ƙasar Katsina, har Sukuntuni inda na tashi, na ji dattawa suna cewa "zamna" da "sabka", alhali Bakano sai ya ce "zauna" da "sauka". Na Katsinan ne tsohon furuci, kamar yadda dokar Klingenheben ta nuna. Sai a bi ire-iren kalmomin nan cikin Gwandara ɗaya bayan ɗaya. In ta ɗauki sauyin Kano, ke nan ta rabu ne bayan Kananci da Katsinanci sun riga sun bambanta, kuma a ƙarƙashin Kananci ya kamata a ja layinta.