Biyayya ko Yarda: Tarke a kan Littafin Stanley Milgram

Gabatarwa

Daga cikin littattafan da aka rubuta a fannin ilmin halayyar ɗan Adam cikin jama'a, da wuya a sami wanda ya yi tashe kamar na Stanley Milgram mai suna Obedience to Authority, watau biyayya ga masu iko, wanda aka buga a 1974. Wataƙila mai karatu ya ce, to me ya kawo littafin kimiyya cikin mujallar adabi? Dalilina shi ne, gwajin da littafin ya ƙunsa wasan kwaikwayo ne sosai da sosai. Akwai rubutaccen zance, akwai 'yan wasa, akwai sutura da dandamali. Saboda haka ɗalibin adabi yana da hurumin ya feɗe shi, ya duba ko jigon da marubucin ya ɗora wa wasan shi ne wanda wasan ya nuna.

Zubin wasan

Milgram ya fara gwajinsa a Jami'ar Yale ta ƙasar Amurka a 1961, shekarar da aka gurfanar da Adolf Eichmann gaban shari'a a Birnin Ƙudus saboda hannun da yake da shi cikin kisan Yahudawa a zamanin Hitila. Hujjar Eichmann ita ce umarni aka ba shi. Milgram ya so ya auna iyakar inda umarni zai iya kai mutum.

Sai ya sa talla a jarida yana neman maza masu shekara 20 zuwa 50, a kan lada dala 4 da senti 50. Wanda ya zo sai a ce masa za a yi nazarin yadda horo ke taimaka wa hadda, a jefa ƙuri'ar bogi ya fito a matsayin malami. Ɗalibin da za a ba shi ɗan wasa ne, haka kuma jami'in da ke tsaye a kansa cikin riga ruwan toka irin ta ɗakin gwaji. A gaban malamin akwai na'ura mai makunnai 30, daga bolt 15 har zuwa bolt 450. Duk kuskuren da ɗalibi ya yi sai a ɗana masa lantarki, a kuma ƙara ƙarfi. Babu wutar da ke taɓa jikin ɗalibin, amma malamin bai sani ba. Shi dai yana jin bugun bango, a wani zubin kuma ihu da magiya, daga baya sai tsit. In ya turje, jami'in yana da jimloli huɗu da zai faɗa masa bi da bi don ya ci gaba.

A sakamakon farko da aka buga a 1963, mutum 26 cikin 40 sun kai makunni na ƙarshe, watau kashi 65 cikin 100.

Jigon marubuci

Milgram ya ce mutum in ya shiga ƙarƙashin mai iko yakan daina ɗaukar kansa mai aikin, ya koma ɗan aike kurum, alhaki duka ya hau wuyan na sama. Lalle a yaba masa a kan abu guda. Ya fito da ginshiƙin wannan fanni ƙarara, watau cewa yanayin da mutum ya tsinci kansa a ciki yakan rinjayi ɗabi'arsa fiye da yadda muke zato. Likitocin ƙwaƙwalwa da ya tambaya sun yi hasashen mutum ɗaya cikin dubu ne zai kai ƙarshe. Tun a 1951 malaminsa, Solomon Asch, ya nuna mutum kan iya ƙaryata idonsa game da tsawon layi don kawai ya dace da sauran mutanen ɗaki. Milgram ya ɗauko wannan tunani daga zanen layi ya kai shi inda ake maganar rai.

Inda jigo ya saɓa da wasa

Da farko, wasan ba fitowa ɗaya gare shi ba. Littafin da kansa ya kawo zubi 18, amma ɗaya kawai jama'a suka haddace. Da aka sa malami ya danna hannun ɗalibi a kan farantin wuta da hannunsa, 12 cikin 40 ne suka kai ƙarshe. Da jami'in ya fita yana ba da umarni ta tarho, sai adadin ya sauko kusan ɗaya cikin biyar. Da aka haɗa malami da abokan aiki biyu waɗanda suka ƙi ci gaba, 4 cikin 40 kaɗai suka ƙarasa. Ashe ko a ɗakin gwaji sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Da kuma aka kawo jami'ai biyu suka yi saɓani, ba wanda ya kai ƙarshe ko guda. Wanda ya zama ɗan aike maras tunani ba zai tsaya yana wannan awo ba.

Na biyu, a duba zancen jami'in, domin a wasan kwaikwayo magana ita ce aiki. Jimlarsa ta farko roƙo ce, ta biyu tana nuna bukatar binciken. Ta huɗu ce umarni tsantsa, mai hana mutum zaɓi. Jerry Burger ya maimaita gwajin a Amurka, ya tsaya a bolt 150, ya buga sakamakon a 2009: kashi 70 cikin 100 sun yarda su wuce wurin. Amma da shi da abokan aikinsa suka bi maganganun a 2011, sai suka tarar duk wanda aka kai ga faɗa wa jimla ta huɗu ya ƙi ci gaba. Ke nan a cikin littafin da aka raɗa wa suna biyayya, umarnin gaske shi ne ya fi jawo ƙi. Masana biyu, Alexander Haslam da Stephen Reicher, sun kafa hujja da wannan suka ce waɗanda suka ci gaba sun yi ne don sun yarda aikin kimiyya suke taimakawa. Ni ma nan na karkata.

Na uku, akwai abin da ya faru bayan labule. Gina Perry, 'yar ƙasar Ostiraliya, ta saurari faifan gwajin da ke ajiye a Yale, ta fitar da littafi a 2012. Ta ji jami'in yana barin rubutaccen zance yana ta matsa wa mutane lamba, ta kuma gano an sallami da yawa ba a gaya musu cewa wutar ƙarya ce ba sai bayan watanni. Daɗin daɗawa, a tambayoyin da Milgram ya aika musu daga baya, kimanin kashi 56 cikin 100 ne suka ce sun gaskata sarai ɗalibin yana shan wuta.

Shi kansa Eichmann bai dace da hoton ɗan aike ba. Bettina Stangneth ta nuna a littafinta na 2011 cewa a hirarrakin da aka naɗa da shi a Ajantina a 1957, kafin a kama shi, alfahari yake yi da aikinsa.

Kammalawa

Wannan bambanci na biyayya da yarda ya shafe mu kai tsaye. A cikin masu karanta wannan mujalla akwai waɗanda gobe za su zama alƙalai, da hafsoshi, da akantoci, da shugabannin makarantu. Wata rana na sama zai miƙo takarda ya ce a sa hannu. In muka ɗauki jigon Milgram yadda yake, kowa ya sami mafaka, sai ya ce bin na gaba bin Allah, ya wanke hannunsa. In kuwa muka bi abin da wasan ya nuna, wanda ya danna makunni ya auna ne ya yarda, don haka alhakinsa na nan a wuyansa. Har ila yau, wanda ya fara cewa a'a yakan ɓalle wa na kusa da shi mari.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce a karanta littafin, domin ya cancanci karatu. Sai dai a fara da jadawalin alƙaluman kafin sharhin marubucin, a kuma tsaya da kyau a kan mutum 14 ɗin nan da suka ɗauke hannu daga na'ura. Su ma taurari ne a wasan, ko da yake marubucin bai ba su fili yadda ya kamata ba.